Jumel 10x50 da na saya a Yamai, wata bakwai ina bin jajayen taurari da ita

Assalamu alaikum jama'a. Tun tuni nake cewa zan rubuta wannan, to yau dai Allah ya yi. Mutane da yawa sun tambaye ni game da jumel ɗin nan, wato madubin hangen nesa mai ido biyu, da nake yawo da ita a jaka, wasu iyayen ɗalibai har gida suka biyo ni, nawa na saya, a ina, kuma da gaske ana ganin taurari da ita ko ta kallon kokawa ce kawai. Ni malamin fizik da shimi ne a wata lise nan Yamai, kuma abin da ya kai ni sayen ta taurari jajaye ne, tsofaffin nan da suka kusa ƙarewa, domin abin da ke gudana cikin iskar da ta lulluɓe su shimi ne tsantsa, irin wanda nake rubutawa da alli a tablo, na kuma daɗe ina son yarana su ga ko da alamarsa ce da idonsu.

Na saye ta a watan Oktoba a wani butik kusa da Babbar Kasuwa, irin masu sayar da agogo da tocila da kamara. Kala uku aka fito min da su. Ta farko an rubuta mata manyan lambobi a jiki wai tana kusanto da abu sau ɗari da wani abu, wannan ko taɓa ta ban yi ba, don jumel ta hannu in ta wuce sau 10 ko 12 rawar hannunka kawai za ka yi ta kallo. Ta biyu mai jan gilashi ce, ja wur yana walƙiya kamar madubi, kuma ita yaron butik ɗin ya dage a kai, yana cewa "Mushe, wannan za ka ɗauka, da dare ma gani take." To ku saurare ni da kyau don kar a cuce ku. Jan fentin nan ba shi da alaƙa da ganin dare. Abin da ya sa kake ganin gilashin ja shi ne yana mayar da jan haske waje, ba ya barin shi ya kai idonka, in ka leƙa ciki sai ka ga komai ya koma shuɗi-shuɗi kore-kore kamar an wanke masa jini. Ni kuwa takanas jan hasken na zo nema. Da na ɗauki waccan da kuɗina sun tafi a banza.

Ta uku ita ce 10x50, baƙa, ba wani suna sananne a jikinta. 10 ɗin yana nufin sau 10 take kusantowa, 50 ɗin kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 50. Ƙwayar idon mutum a cikin duhu iyakar buɗewarta wajen milimita 7, ka ga kenan kowane gefe na jumel ɗin yana tara haske kusan sau 50 fiye da idonka, kuma wannan tara hasken shi ne aikin, ya fi kusantowar muhimmanci nesa ba kusa ba. Kafin in biya na yi gwaji biyu da nake so kowa ya yi. Na miƙe hannu da ita na fuskanci haske na duba ɗan da'irar hasken da ke fitowa a gilashin ido, in zagayayye ne cif to gilasan ciki na kirki ne, in kuwa ya yi kusurwa kamar an yanke gefensa ana asarar haske. Sannan na fita ƙofar butik na kalli wata hasumiya can nesa. 10x50 ta farkon da na gwada hasumiya biyu ta nuna min, ɗaya bisa ɗaya kaɗan, cikin minti ɗaya kaina ya fara sarawa, alamar ta taɓa faɗuwa ko an haɗa ta a karkace. Na ce a canza, Alhaji mai butik bai yi gardama ba gaskiya, ya sa aka buɗe wani kwali. Jika 35 ya ce, muka yi ta ja har muka tsaya 27.

Laifinta ba ya da yawa amma akwai. Igiyar wuya siririya ce, tana cin wuya, na canza ta da ta wata tsohuwar jaka. Marufin gilasan sako-sako ne, ɗaya ya ɓace min tun sati na biyu. In ka kalli tauraro a tsakiya tsaf yake kamar tsinin allura, amma in ya matsa gefe sai ya yi ɗan wutsiya. Abin murzawa na tsakiya kuma ƙurar hunturu ta sa ya yi tauri. Kuma nauyinta ya kusa kilo, bayan ƴan mintoci hannu zai fara rawa, ni dai ko in jingina gwiwar hannu a kan katanga ko sirdin moto, ko in kwanta rigingine a tabarma wanda shi ya fi. Don Allah kar a goge gilashin da bakin riga ko rawani, ƙurarmu yashi ce, karce take yi, a hure tukuna. Kuma kar a kuskura a kalli rana da ita ko na ƙiftawar ido, makanta ce nan take, yaro ba ya riƙe ta da rana sai ina tsaye.

To yanzu ga abin da ta yi min.

Daren farko na fita bayan gari ta hanyar Kollo don fitilun Yamai sun cinye rabin sama. Ina amfani da Stellarium, manhajar taswirar taurari a waya, wajen gane wuri, yana da yanayin jan allo da ba ya kashe ido a duhu. Na nemi wani tauraro da ake kira TX Piscium cikin ƙungiyar taurarin da ake kira Kifi, wanda da ido ɗan ɗigo ne ba launi, domin idon mutum in haske ya yi ƙaranci ba ya rarrabe kala. Da na sa jumel, wallahi sai da na sauke na sake ɗagawa. Taurarin da ke kewaye da shi farare, shi kaɗai kamar garwashin da aka hura. Wata dabara da na koya, in ka ɗan murza ka ɓata saitin kaɗan tauraron ya zama ɗan faifai, launin ya fi fitowa. Daga baya na ga W Orionis, shi ma haka, da La Superba da ke ƙarƙashin hannun babban Ludayi ta arewa, sunan da wani masanin Italiya Angelo Secchi ya sa masa, shi ne ma a shekarun 1860 ya fara ware irin waɗannan taurari, da yanzu ake kira taurarin karbon, a matsayin aji na daban.

Me ya sa suke ja haka? Nan ne nake so a ɗan yi haƙuri da ni.

Tauraro irin rana tamu yana ƙona idrojen ya zama eliyom tsawon rayuwarsa. In ya tsufa sai ya kumbura ya ninka girmansa sau ɗaruruwa, fatarsa ta huce ta sauko wajen digiri 3000 ko ƙasa, alhali fuskar rana tana wajen 5500. A can ciki eliyom yana ƙonewa ya zama karbon, kuma lokaci-lokaci wutar takan tashi da ƙarfi ta dama cikin tauraron kamar yadda ake dama kunu, abin da ke ƙasa ya taso sama. Hujjar wannan damun an same ta tun 1952, lokacin da Paul Merrill ya ga alamar teknesiyom a hasken wasu jajayen taurari, sinadarin da ba ya daɗewa yake rushewa, ka ga ba gado tauraron ya yi ba, a cikinsa aka ƙera shi kuma bai jima da tasowa ba. Tunda fatar ta yi sanyi, atom-atom suna samun damar kama juna su zama molekil. Kuma na farkon haɗuwa kullum karbon ne da oksijen, su ba da CO, gas ɗin nan dai da ke kashe mutane in an kwana da gawayi a ɗaki rufe lokacin sanyi. Ɗaurin da ke tsakanin su biyun yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a shimi, in sun kama juna ba saki. Yadda nake gaya wa ɗalibaina, kamar auren gari ne, kowane karbon a ba shi oksijen ɗaya har ɓangare ɗaya ya ƙare, to wanda ya yi saura shi ke da gari. In oksijen ya yi saura sai ka samu tururin ruwa da SiO da TiO (oksijen haɗe da silisiyom ko titaniyom), ƙurar da za ta fito kuma dangin yashi da dutse ce. In karbon ya yi saura, labari ya canza gaba ɗaya, sai molekil masu karbon irin asetilen da HCN da C2 da C3 da CN, ƙurar kuma baƙin tukunya ce da karbur na silisiyom. Su C2 da CN da C3 ɗin nan shuɗin haske suke shanyewa, baƙin hayaƙin ma ya ƙara tare shi, ja kaɗai ke tsira ya iso mu. Wato jan da na gani a hanyar Kollo, molekil ɗin karbon ne suka rina shi.

Asetilen kuwa ba baƙo ba ne gare mu, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu walda a Katako ya ga ana zuba ruwa kan karbur gas yana tashi, to shi ne. Karbur na silisiyom kuma shi ne a jikin wasu duwatsun wasa wuƙa da baƙar takardar goge ƙarfe. Na kai guntun takardar nan aji na ce su shafa, na ce irin wannan ƙurar tsohon tauraro ke fesawa, wata yarinya ta ce "Mushe, to ta yaya aka sani tunda ba wanda ya je?" Tambaya mai kyau. Hanya ɗaya ta haske ce, in an rarraba hasken tauraro kala-kala kamar bakan gizo, kowane molekil yana da layukansa a ciki kamar zanen yatsa. Ɗaya hanyar kuma ƙurar ce da kanta ta zo. A 1969 wani dutse ya faɗo daga sama a Murchison ta Ostareliya, da aka narkar da shi a asid aka tace sai aka sami ƙananan ƙwayoyin karbur na silisiyom da suka girmi rana, wani bincike na 2020 ya nuna wasunsu sun kai wajen shekara miliyar 7, biliyan 7 kenan a bakin ƴan'uwanmu na Najeriya, rana kuwa miliyar 4.6 gare ta.

Ta ɓangaren masu oksijen, Mira na bi, cikin ƙungiyar Kifin Teku. Wannan tun 1596 David Fabricius ya lura da shi, yana haske ya dushe cikin kwana kusan 332. A Nuwamba da ƙyar na tsinto shi a jumel, ɗan ɗigo, zuwa ƙarshen Fabrairu kuwa ido ma yana ganin shi bayan magariba. Tauraron numfashi yake, ya kumbura ya tsuke, in ya kumbura ya ƙara hucewa sai TiO ya yawaita a samansa ya tare hasken da ido ke gani kamar an ja labule, shi ya sa dushewar take da yawa haka a idonmu alhali zafin da yake fitarwa bai ragu sosai ba. A nan jumel ɗin ta biya kuɗinta, don faɗin abin da take nunawa ya isa ka ga Mira tare da maƙwabtansa ka gwada wa ya fi wa haske, ka rubuta a littafi duk sati. Yara uku na ba wannan aikin kuma sun riƙe shi da gaske.

Hutun Disamba na tafi da ita ƙauyenmu wajen Tawa. Kwana biyu na farko hazo ya rufe ko'ina, ƙurar nan da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na Cadi, rana da la'asar ta zama jan faifai ba ƙarfi, kuma na ce wa ƙannena ku duba, abin da ƙura ke yi wa rana yau shi bargon ƙura ke yi wa tsohon tauraro kullum. Dare na uku sama ta washe, irin washewar da ba a samu a Yamai ko an ɗauke kuran. Kawuna, wanda ya san Kaza da ƴaƴanta da Dabaran da lokacin fitowar kowannensu tun kafin a haife ni, yana zaune a kan buzu yana kallona ina lalube ƙasa da farin tauraron nan Rijel, cikin ƙungiyar da Larabawa ke kira Arnab wato Zomo. R Leporis nake nema, wanda John Russell Hind ya gano a 1845. Na sha wuya kafin in same shi, ƙarami ne ƙwarai, kuma in ya dushe jumel irin wannan ba ta kama shi sam, zagayensa ya fi shekara. Amma da na same shi, kai, ɗigon zoɓo ne a kan baƙin zane. Sanannun jajayen taurari irin Betelgeuse da Dabaran ruwan goro ne kawai in aka gwada da shi. Na ɗora wa Kawu jumel a kan katangar rumbu na saita masa, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce "Kai ɗana, wanga ciwo garai ko mi?" Na ce "Kawu, tsufa ne, hayaƙin kansa ne ya rufe shi." Ya ƙara dubawa ya ce Allahu Akbar, bai ba ni jumel ɗin ba sai da wuyansa ya gaji.

Sai dai in faɗi gaskiya don kar wani ya saya da zaton abin da ba shi ba. Jumel ba za ta nuna maka bargon iskar ba, ba za ta nuna maka molekil ba, launi da hawa da saukar haske kawai za ka gani. Ainihin aikin da manyan parabol na rediyo ake yin shi, irin mai faɗin mita 30 na IRAM da ke kan dutsen Pico Veleta a Sipaniya, ko ALMA mai parabol 66 a hamadar Atakama ta Cile, sama da mita 5000 a bisa tudu. Kuma tauraron da ya fi kowanne ba da labari a wannan fanni, jumel ba ta ganin shi ko kaɗan. Sunansa CW Leonis, masana sun fi kiran shi IRC+10216, yana cikin ƙungiyar Zaki, nisansa ƴan ɗaruruwan shekarun haske, an gano shi a 1969 da na'urar infraruj, mai kama hasken zafi da ido ba ya gani, domin ya binne kansa cikin baƙin hayaƙinsa har hasken ido ba ya fitowa sai kaɗan. Kowace shekara yana zubar da abin da ya kai nauyin duniyarmu sau 5 ko fiye, iskar tana fita da gudun kilomita 14 da rabi a sakan, Yamai zuwa Tawa ƙasa da minti ɗaya kenan. Yadda abin ke tafiya, numfashin tauraron ke cilla gas sama, in ya yi ɗan nisa ya huce sai ƙura ta daskare, hasken tauraron ya tura ƙurar, ƙurar ta ja gas ɗin su tafi tare. Kusa da tauraron molekil masu kwanciyar hankali ne, CO da asetilen da HCN da SiS. Can waje kuwa inda bargon ya yi shara-shara, hasken ultrabiyole na sauran taurari yana shigowa ya farfasa su, gutsattsarin su sake haɗuwa su yi dogayen sarƙoƙin karbon irin HC5N da HC7N da C8H, abubuwan da a labo na duniya ba sa ko daɗewa. An ƙirga molekil sama da 50 a wannan bargo guda.

Biyu daga cikinsu sun fi tsaya min a rai. A 1987 José Cernicharo da Michel Guélin suka gano NaCl, wato gishiri, a wurin, tare da KCl da AlCl. Da na gaya wa Kawu ya ce "Gishiri? Irin na Bilma?" na ce shi dai Kawu, sai dai can tururi ne. Na biyu ruwa. Bisa lissafin auren nan da na faɗa bai kamata a sami ruwa a tauraron karbon ba tunda CO ya kwashe oksijen duka, amma a 2001 tauraron ɗan'adam SWAS ya gano tururin ruwa a can. Da farko aka ce ƙila ƙanƙarar taurari masu wutsiya ce zafi ke narkarwa, sai a 2010 na'urar Herschel ta nuna ruwan har da mai zafi sosai a kusa da tauraron, bayanin da aka kawo shi ne bargon ba a shimfiɗe yake sumul ba, dunƙule-dunƙule ne da ramuka, ultrabiyole na kutsawa ciki ya ɓalle oksijen daga wasu molekil ya haɗu da idrojen. Ina son wannan labarin don yana nuna wa yara cewa ƙa'idar da na rubuta a tablo tana da inda take tsayawa.

Kuma sarƙoƙin karbon ɗin nan sun taɓa ba da kyautar da ba a zata ba. Harry Kroto na jami'ar Sussex a Ingila yana son ya gane yadda suke haɗuwa a irin waɗannan taurari, sai a 1985 ya je jami'ar Rice a Amurka, shi da Robert Curl da Richard Smalley suka harba leza kan grafit, abin da ke cikin fensir, don su kwaikwayi iskar tauraron. Sai ga molekil mai atom 60 na karbon, C60, a dunƙule kamar ƙwallon ƙafa. Nobel ta shimi ta 1996 kenan. A 2010 kuma na'urar Spitzer ta gano C60 ɗin a sama da gaske, kewaye da wani tauraro da ya riga ya zubar da bargonsa.

To wa zan ce ya saya? Malamin lise ko kolej da ke son fita da yara, i, ba tare da shakka ba, ta fi ƙaramin teleskop mai ƙafar roba da ake sayarwa kusan kuɗi ɗaya, don ita ba ta buƙatar haɗawa kuma yaro na kama ta cikin minti biyu. Mai son ganin zoben Zuhal, a'a, ba ta kai nan ba, amma za ka ga ramukan wata da ƴan watannin Mushtari huɗu in ka jingina da kyau. Mai sa gilashin ido ya gwada da gilashinsa a fuska kafin ya biya, tawa sai ka manna ido sosai kafin ka ga fili duka. A tafi da rana a yi gwajin nan biyu, a ƙi mai jan gilashi ko an rage kuɗinta, a kuma roƙi mai butik ya yarda da canji in an ga abu biyu-biyu.

Yanzu muna Afrilu, zafi ya koro kowa tsakar gida. CW Leonis yana digiri 13 da ƴan kai arewa da layin ekwata na sama, Yamai ma tana digiri 13 da rabi arewa da layin ekwata na duniya, ma'ana kullum ta Allah sai ya ratsa ta tsakar kanmu, a wannan watan wajen ƙarfe 9 na dare. Shekaranjiya ina kwance a tabarma da ɗiyata ƴar shekara tara, na nuna mata Regulus, tauraron da ya fi haske a ƙungiyar Zaki, na ce ta ɗan matsa yamma kaɗan inda ba komai sai duhu. Ta ce "Baba ban ga komai ba." Na ce nan ne, mai gishirin. Ta riƙe jumel ɗin da hannu biyu tana kallon wurin har mamanta ta kira ta ta zo ta ci tuwo.